Jarrabawar Da Ba A Biyan Mai Tsaronta

Da wuya a sami al'ummar da ta kai Bahaushe sauraron rediyo. Tun daga 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, Jamus ta biyo baya a 1963, Amurka kuma a 1979, akwatin rediyo ya zama abokin hira a gona da kasuwa da zaure, har ta kai manomi a garinmu Burumburum zai iya faɗa maka sunan shugaban Faransa da na abokin hamayyarsa, alhali sai ya yi tunani kafin ya tuna sunan kansilan mazaɓarsa. Amma duk tsawon shekarun nan kunne kawai muka ba rediyo. Wasu ke magana, mu kuwa mu gyaɗa kai. Kaɗan ne daga cikinmu suka san akwai wani nau'in rediyo da talaka zai ajiye a ɗakinsa, ya yi magana a ji shi a Maraɗi ko Alƙahira ko Birazil, ba kati, ba data, ba turken sabis.

Ana kiransa rediyon 'yan sha'awa, domin mai yinsa ba ya neman kuɗi da shi. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta keɓe wa masu wannan sha'awa wasu zanguna a cikin iska, kuma kowace ƙasa da haruffan da ake gane tashoshinta da su: lambar kiran da ta fara da 5N ta Nijeriya ce, 5U kuwa ta Nijar. Marigayi Sarki Husaini na Jodan lambarsa JY1, kuma yakan shiga iska ya yi hira da talakawan wasu ƙasashe kamar kowa. Tsohon firaministan Indiya, Rajib Gandi, shi ma yana da tasa. Sharuɗɗan kaɗan ne amma masu tsauri. Ba a ciniki a kai, ba a sa kiɗa, ba a magana da zaurance don ɓoye ma'ana, kuma dole mutum ya riƙa ambaton lambarsa a kai a kai, don duk mai sauraro ya san wa ke magana.

Iska ta kowa ce, kuma abin kowa shi ya fi saurin lalacewa. Wanda bai san abin da yake yi ba zai iya kutsawa cikin zangon da matuƙin jirgin sama ke magana da filin sauka, ko ya toshe wa masu agaji hanya, ko ya ɗaga eriya kusa da wayar lantarki ya halaka kansa. Saboda haka aka ce sai da lasisi. Lasisi kuwa sai da jarrabawa, jarrabawa kuma sai da wanda zai zauna ya tsare ta, ya duba ta, ya sa hannu. A kan wannan mutumin na ƙarshe nake son yin magana, domin na zauna a kujerarsa shekara huɗu a wata ƙasa, kuma yanzu ina ƙoƙarin zama a kanta a gida.

A Amurka, har zuwa farkon shekarun 1980 ma'aikatan hukumar sadarwarsu, FCC, su ke gudanar da yawancin jarrabawar a ofisoshinsu na manyan birane. Da kuɗin hukumar ya ja baya, sai majalisarsu ta yi doka a 1982, da ƙoƙarin Sanata Bari Golwota wanda shi kansa ɗan wannan sha'awa ne, ta ba da damar miƙa aikin ga masu lasisin su yi shi da kansu. Daga 1984 abin ya kankama. Har gobe hukuma ce ke ba da lasisi, amma masu zama a teburin jarrabawa mutanen gari ne: direba, likita, manomi, tsohuwar malamar makaranta. Ba a biyan su ko sisi.

Na je jihar Ohayo a 2005 neman ƙarin ilimin injiniya. Wani dattijo maƙwabcina, wanda na daɗe ina mamakin doguwar wayar da ya ɗaura tsakanin itatuwa biyu a bayan gidansa, shi ya fara sa mini abin sauraro a kunne, kuma shi ya kai ni babban taron da 'yan wannan harka ke yi duk shekara a Deton a wancan lokaci. A 2006 na ci matakin farko, na kuma sha wahalar koyon bugun Mos, kalma 5 a minti ɗaya, sai ga shi a Fabrairun 2007 an soke wannan sharaɗi baki ɗaya. Har yanzu idan na tuna dararen da na ɓata ina ƙirga ɗigo da zare sai in yi dariya ni kaɗai. Da na kai mataki na uku, wanda shi ne na ƙoli, sai dattijon nan ya ce, "To, an zauna maka, saura kai ka zauna wa wasu." Na nemi shaidar zama mai jarrabawa daga ƙungiyarsu ta ARRL, wadda aka kafa tun 1914, aka ba ni.

Asabar ɗaya a kowane wata muke haɗuwa da safe a wani ɗaki na laburaren garin. Doka ta ce masu jarrabawa ba za su gaza uku ba, kuma kowannensu idonsa na kan ɗalibai daga farko har ƙarshe. Matakin farko tambaya 35 ne, sai an ci 26. Na biyu ma haka. Na ƙoli tambaya 50, sai an ci 37. Da mutum ya miƙa takardarsa, nan take za a duba a gabansa, na farko ya duba ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku, kowa ya ƙirga da kansa. In ya ci, mu ukun mu sa hannu a takardar shaida ya tafi da ita. In bai ci ba, a faɗa masa adadin da ya samu, a yi masa fatan alheri. Dala 15 da ake karɓa a wurin kowane ɗalibi ta buga takardu ce da aika su, kuma duk wanda aka kama ya karɓi wani abu don ya ɗaga wa wani ƙafa, nasa lasisin ma yana iya salwanta.

Na ga abubuwa a teburin nan. Na ga yarinyar da ba ta wuce shekara goma ba, ƙafafunta ba su kai ƙasa daga kan kujera, ta ci 33, domin lasisin ba shi da ƙa'idar shekaru. A rana guda na ga injiniyan lantarki mai furfura ya faɗi, saboda ya raina ɓangaren dokoki bai karanta ba; ya yi murmushi ya ce sai wata mai zuwa. Na karanta wa makaho tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, abokan aikina biyu suna saurare don su tabbatar muryata ba ta yi nauyi a kan amsar da ke daidai ba. Wannan ya fi komai wuya, don ashe harshe ma yana iya satar amsa ba tare da mai shi ya nufa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da farko shi ne, tambayoyin ba sirri ba ne. Ɗaruruwan tambayoyin kowane mataki, da amsoshinsu, an buga su kowa ya gani, ana sabunta su duk shekara huɗu, daga cikinsu ake tsamo na ranar. Ni da na tashi a inda ake rufe takardar jarrabawa da ɗanko, a kai ta da rakiyar 'yan sanda, amma duk da haka a wayi gari ana sayar da ita a bayan makaranta, sai na ga kamar sakaci ne. Daga baya na lura ai mu ma muna da irin wannan tsari. A musabaƙa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a matakin ƙasa tun 1986, babu wanda bai san abin da za a tambaye shi ba. Sai dai ko ya riƙe ko bai riƙe ba, ga alƙalai a jere, ga jama'a na saurare. Abin da aka baza a fili ba ya da kasuwa a ɓoye.

Sai kuma dokar da ta sa na ɗauki alƙalami. An hana mai jarrabawa ya jarraba matarsa ko mijinta, da 'ya'ya da jikoki da agola, da iyaye da kakanni, da 'yan'uwa, da baffa da kawu da gwaggo da inna, da 'ya'yan 'yan'uwa, da surukai. Ranar da na fara karanta jerin nan na yi dariya har dattijon ya tambaye ni lafiya. Na ce masa a garinmu, idan aka bi wannan jeri yadda muke ƙirga dangi, sai dai a ɗauko mai jarrabawa daga wata jiha.

Zan dawo kan wannan, amma bari in faɗi dalilin da ya sa ban bar sha'awar nan a Ohayo ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hanya daga Kwanar Ɗangora ya bi ta Tudun Wada ya shiga dajin Falgore zuwa Saminaka, ya san akwai wuraren da waya ke zama dutse a aljihu. Mota ta lalace, ko a yi haɗari, ko mace ta fara naƙuda a rugar da ke nesa da titi, sai dai a jira mai babur. Tarihi ya san Burumburum a matsayin inda Sarkin Kano Alwali ya gamu da ajalinsa a 1807, kuma a wancan zamani labari kan doki yake zuwa birni. A wasu ƙauyukan Doguwa doki kawai aka musanya da babur. Sannan mun ga abin da ya faru a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, ya ga yadda asibiti da kasuwa da iyali suka koma kurame a dare ɗaya.

Na'urar da nake magana a kai ba ta dogara da turken kowa ba. Batirin mota mai ƙarfin bolt 12, da farantin sola, da waya mai tsawon kimanin mita 20 da aka ɗaura tsakanin bishiyoyi biyu, sun isa a yi magana a zangon megahaz 7. Saƙon yana tashi sama, ya bugi wani rufi na iska mai ɗauke da caji da ke can ƙololuwa, ya dawo ƙasa ya bazu a kan ɗaruruwan kilomita, ba ruwansa da dutse ko daji. Ƙananan na hannu kuwa, waɗanda muke kira oba-oba, iyakarsu inda ido ke iya hange, amma da za a kafa na'urar maimaita saƙo a kan duwatsun Riruwai, da ta haɗa ƙauyuka masu yawa. A ƙarshen 2004, da igiyar teku ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya, wasu 'yan wannan sha'awa da suka je can don nishaɗi su suka zama hanyar isar da saƙo tsakanin tsibiran da sauran ƙasar. A girgizar ƙasar Nefal ta 2015 ma an ga amfaninsu.

Na san abin da mai karatu zai ce, don jami'an tsaro sun riga shi faɗa mini: a wannan zamani, wa zai yarda a sa oba-oba a hannun matasa a bakin daji? Tsoron yana da tushe. Sai dai ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane ba su taɓa jiran lasisi ba. Na'urorin suna nan a kasuwa, mai kuɗi ya saya. Lasisi shi ke raba mai magana da sunansa a fili, wanda hukuma ta san ƙofar gidansa, da mai raɗa a duhu. Kuma darajar lasisin ba za ta wuce darajar wanda ya sa hannu a jarrabawar ba. Idan ana iya sayen sa hannun, to an ba ɓarawo takardar shaida ke nan.

A Nijeriya gwamnatin tarayya ce ke ba da wannan lasisi, dokar sadarwa ta hana kowa watsa saƙo ba tare da izini ba, kuma akwai ƙungiyar 'yan wannan sha'awa ta ƙasa, NARS. Amma yaron da ya tashi a Yaryasa ko Ƙarefa ko Dariya bai ma san akwai ƙofar ba, balle ya ƙwanƙwasa. Don haka bayan na yi ritaya na dawo gida, sai na fara tara 'yan sakandare da masu gyaran waya a zaurena ranar Asabar. Muna koyon dokar Om, da yadda ake auna eriya, da haruffan kira, da ladabin magana a iska. Sauraro kawai muke yi, babu mai danna maɓallin magana, kuma na faɗa musu tun ranar farko cewa wanda ya danna ba da lasisi ba ya bar zauren. Bayan kowane wata uku mukan yi jarrabawar gwaji, tambaya 35 da muka tsara da Hausa a kan kimiyyar abin da dokokin ƙasarmu, sai an ci 26. Takardar da muke bayarwa shaida ce kawai cewa yaro ya shirya neman lasisin gaske.

Samun mutum uku ya fi samun ɗalibai wuya. Daga ƙarshe na sami wani tsohon malamin fiziks daga Kiru, da wani dattijo daga Bebeji da ya yi aikin wayar tangaraho tun zamanin da ake hawa turke da igiya, da wani mai gyaran rediyo a kasuwar Tudun Wada, wanda bai yi boko mai zurfi ba amma kunnensa ya fi na'urar awona. Kowa shi ke zuba wa babur ɗinsa mai. Abin da suke samu a wurina bai wuce fura da ruwan sanyi ba. Da na ce wa mutane aikin sa-kai muke yi, wata tsohuwa ta tambaye ni ina bindigogin, domin a yau kalmar ta koma ta masu gadin gari.

A zama na uku ɗan yayana ya shiga jarrabawar. Yaro ne mai kai, shi ke ɗaura mini eriya, shi ke share zauren. Na tashi daga teburin, mai gyaran rediyo ya zauna a madadina, na fita na zauna a gindin darbejiya har aka gama. Ya ci 25. Wata yarinya 'yar aji biyar, wadda mahaifinta sai da na je har gida sau biyu kafin ya bar ta ta riƙa zuwa tare da ƙanenta, ta ci 32.

Bayan sallar isha'i sai ga Yaya. Bai zauna ba.

"Injiniya," haka yake kirana in ransa ya ɓaci, "maki ɗaya? Yaron da ke yi maka bauta dare da rana? A zaurenka, da takardarka, da alƙalaminka?"

Na ce, "Yaya, ai ban duba takardarsa ba. Ina waje."

"Shi ne ai abin kunyar. Ka gudu ka bar ɗanka a hannun bare. Takardar da ko gwamnati ba ta san da ita ba!"

Maganarsa ta ƙarshe gaskiya ce, kuma ita ce ta sa ban iya ba shi abin da yake so ba. Takardar nan ba ta da hatimin kowa. Abin da kawai ke cikinta shi ne mutum uku sun ce sun gani da idonsu. Ranar da aka ƙara wa ɗan gidan maki ɗaya, 32 ɗin yarinyar nan ya zama abin tambaya, dattijon Bebeji kuma ya ƙona mansa a banza.

Amma ba zan yarda a ce Yaya mutumin banza ba ne, ko a ce zumunci cuta ce da Turawa suka warke daga gare ta. Wannan Yayan shi ya sayar da buhunan shinkafarsa ya biya mini kuɗin makaranta lokacin da mahaifinmu ya rasu. A ƙasar da na zauna na ga tsofaffi suna mutuwa a ɗaki su kaɗai, sai wari ya sanar da maƙwabta. Zumuncin da ya kawo Yaya ƙofata da dare shi ne dai ke riƙe marayu da zawarawa a garin nan, inda babu wata hukuma da za ta riƙe su. Wanda ya rubuta dokar can ta hana jarraba dangi, a ganina, ya san nauyin jini sarai. Ya san mutumin kirki ma hannunsa zai yi rawa a kan takardar ɗan ɗan'uwansa, sai ya tausaya masa ya ɗauke shi daga teburin. Da ina zaune a wurin, da sai in zaɓa tsakanin amana da Yaya. Da yake ina gindin darbejiya, abin da Yaya zai iya zargina da shi kawai shi ne na bi ƙa'idar da na shelanta wa kowa tun kafin a raba takarda. Fushin irin wannan yana da saurin hucewa. Mu da dangi ya yi wa yawa mun fi Ba'amurke buƙatar wannan doka.

Muna yawan kuka da satar amsa a jarrabawar kammala sakandare, muna neman a ƙaro 'yan sanda da kyamarori da kwamfuta. Ba na musun amfaninsu. Amma mai tsaron da aka turo shi kaɗai ƙauyen da bai san kowa ba, alawus ɗinsa bai fito ba, masaukinsa da abincinsa suna hannun wanda ɗalibansa ke rubuta jarrabawar, an riga an karya shi kafin ya buɗe ambulan. Mutum uku da suka zo da ƙafarsu, ba sa jiran komai daga kowa, kowannensu yana jin kunyar sauran biyun, sun fi wuyar saye. Ban ce a daina biyan malamai haƙƙinsu ba, wannan zalunci ne dabam. Cewa na yi a kowace ƙaramar hukuma akwai tsofaffin malamai da injiniyoyi da ma'aikatan lafiya da suka yi ritaya, suna zaune a dakali, waɗanda abin da ya rage musu shi ne sunansu, kuma ba wanda ya taɓa neman su ara wa al'umma shi.

Roƙona ga ma'aikatar sadarwa ta tarayya da ƙungiyar NARS shi ne su duba wannan tsari. A tantance masu jarrabawa na sa-kai a jihohi, a buga tambayoyin kowa ya gani, har da Hausa, a sa mutum uku a kowane zama, a hana su jarraba danginsu, a kuma ƙwace lasisin duk wanda ya ci amana. Hukuma ta riƙe hatiminta da rajistarta, jami'an tsaro su sami sunan kowane mai lasisi da garinsa. Ƙungiyar sikawut, wadda 'ya'yanta a duniya ke haɗuwa ta rediyo duk shekara tun 1958, ƙofa ce a buɗe ta shigar da 'yan makaranta. Kwalejojin fasaha na Kano da Kazaure da Zariya ba za su rasa ɗakin da za a zauna ba.

Yaron dai ya yi kwana tara bai leƙo zauren ba. A na goma na tarar da shi ya kwance eriyar da iska ta karkatar yana sake ɗaure ta. Ya ce, "Baffa, tambayar da ta kayar da ni ta tsawon waya ce, na raba da biyu sau biyu." Zama na gaba bayan girbin shinkafa ne, kuma yanzu ɗalibai goma sha ɗaya suka rubuta suna, uku daga cikinsu 'ya'yan 'yan'uwan matata. Malamin Kiru kuma ya aiko cewa jikarsa za ta shiga, don haka muna neman mutum na biyar, wanda ba shi da dangi a Burumburum ko Kiru, mai babur, wanda ya san dokar Om.